Ƙusa a Bangon Alƙibla

Ni ne ladanin masallacin unguwarmu a Shagari tun mahaifin Malam Sa'idu yana limanci, don haka na san ƙeyar liman fiye da yadda na san fuskar matata. Wurina yana bayansa daidai, ba na sauyawa. Da tsohon ya rasu aka tura Sa'idu gaba, ƙeya ce kawai ta sauya mini, murya kuwa kusan ɗaya ce. Sunana Ɗanliti, ɗinki nake yi, kuma mutane suna cewa ina da faɗa. Ba su yi mini ƙarya ba.

Ni na fara ganin abin. Wata Magariba Malam yana cikin karatu, sai na ga jikinsa yana karkata hagu a hankali, kamar buhun geron da ba a jingina daidai ba. Ya ja ƙafa ya gyara tsayuwa. Na ce a raina gajiya ce. Ba a daɗe ba ya tashi daga sujada ya yi taga-taga har rigarsa ta shafi hancina. Daga nan ƙafar hagu ta fara ja masa, takalmi ya zame bai sani ba, ya ce tafin ƙafarsa kamar an naɗe shi da tsumma.

Kafin ka ce kwabo unguwa ta cika da likitoci. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce iska ya gamu da shi a hanyar Horo Birni. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an shafa duk man da aka aiko. A ƙarshe dai sai da aka dangana da babban asibiti a Sakkwato, suka tura shi cikin wata na'ura mai ƙara, suka ce ciwon jijiya ne, kuma ba a cika ganinsa a ƙasarmu ba. Em-es suke ce masa a taƙaice, cikakken sunan kuwa ban ma gwada faɗa ba. Yadda aka yi mini bayani, jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin kai da ƙafa suna da riga kamar wayar lantarki, to jikin Malam ne da kansa yake gaigayar rigar. Suka ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Suka ba shi magani, suka haɗa shi da wata likitar motsa jiki da ke zuwa asibitin Bodinga, don ya fi mana kusa.

Muna dawowa Alhaji Sulaiman ya same ni a shago. Shi ne babba cikin dattawan masallaci, mutum ne da ba ya kwana-kwana.

"Ladan, kai ab bayan liman, ka ga abin da munka gani," in ji shi. "Kuma ka sani, wanda ba shi iya tsayuwa da ƙahwahunai ba shi ba masu tsayuwa salla. Ga azumi tahe, ga asham. Mun ba shi zuwa ganin wata. In abin bai yi ba, Zaharaddeen na nan."

Na ture keken ɗinki na tashi, na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Zaharaddeen kuwa malamin makaranta ne ɗan Lambara da aka turo aiki garinmu, shi ne na'ibi, mai kunya, bai taɓa nuna yana son wurin ba. Ko wanda zan tsana ban samu ba.

Na goya Malam a tsohon babur ɗina muka nufi Bodinga. Yana riƙe da kafaɗuna da hannu biyu, shi da a da yake zama a baya yana jan carbi. Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Baba Ladan, wurin ga kakana yat tsaya, babana yat tsaya. Ban iya noma ba, ban iya kasuwa ba. In anka hidda ni, mi nika zama?"

Na yi kamar ƙarar injin ta hana ni ji.

Likitar sunanta Khairat, ba za ta wuce sa'ar ƙanwarsa ba. Malam ya ɗan ɓata fuska da ya ga mace ce, ita kuma ta gane, ta ce ni zan riƙa tare shi, ita baki kawai za ta sa. Ta sa ya cire takalmi ya haɗa ƙafafu ya tsaya. Ya tsaya ƙyam. Har na fara jin daɗi.

"To, Allah shi gahwarta Malam, ruhe idonka."

Ya rufe. Ban gama jan numfashi ba ya faɗo mini a ƙirji.

"Ka gani," ta ce. "Ƙahwahunka sun bar ba kanka labarin ƙasa. Ido ad da aikin yanzu. Muddin kana kallon abu guda da ba shi motsi, kana tsayuwa. Ai da sauƙi, tun da salla ido buɗe aka yin ta."

Kowa a unguwarmu ya san Malam Sa'idu ba ya karatu ido buɗe. Da ya yi kabbara ya kama sura sai ya runtse, tun yana ƙarami haka yake.

"Likita," ya ce a hankali, "in na ruhe ido, allona nika gani, da rubutun babana bisa, layi bayan layi. Daga nan nika ɗauko karatu. In na buɗe, bango ɗai nika gani."

Sai Khairat ta ce ya matsa kusa da bango, ya ɗora kan yatsa ɗaya kawai, ya sake rufe ido. Abin mamaki, ya tsaya. Ba ƙarfi ya sa ba, taɓawa ce kamar ta mai duba ko fenti ya bushe. Ta ce jiki ba ya buƙatar a ɗauke shi, so yake kawai wani abu ya gaya masa inda yake. Ta ce ko sanda ce ya riƙe, ko ya taɓa bangon gabansa.

Malam ya janye yatsan, ya buɗe ido.

"Abin da in anka ɗauke shi nika hwaɗuwa, jingina ta. Mai lalura na iya jingina shi yi sallatai. Amma ba shi jan mutane."

Na so in shaƙe shi, wallahi. Ga hanya an buɗe, ya sa ilimi ya toshe ta. Amma da ya yarda da wannan dabara ai ba Sa'idu ba ne.

Saura hanya ɗaya ke nan, ya koyi tsayuwa, ya kuma koyi karatu ido buɗe kafin ganin wata. A bangon alƙibla akwai wata ƙusa da tsohon liman yake rataya carbi, ta yi tsatsa, ba wanda ya kula ya cire ta. Malam ya ce ita zai riƙa kallo, tun da dama a karatunmu mai salla gabansa yake duba. Na kafa irinta a zaurensa, daidai tsayin idonsa.

Kullum da sanyin safiya nake zuwa, mu sa sakata, don kada wani ya leƙo ya ga liman tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Khairat ta nuna mini komai. Ya zauna a benci ya tashi ba dafawa, ya sake zama, ya sake tashi. Na ja layi a ƙasa da allin ɗinkina, ya bi shi diddige na taɓa yatsu. Ya tsaya ƙafa gaba ƙafa baya, ya juya kai dama da hagu. Mafi wuya shi ne tashi daga sujada: ya kafa ƙafar dama, ya dafa gwiwa, ya nemo ƙusa da ido, sannan ya miƙe. Ni kuma ina gefe hannuwa a buɗe kamar mai tare akuya. Ta gargaɗe mu da zafi, ta ce zafi yana ƙara kashe saƙon jijiya, in jiki ya ɗumama a tsaya, a sha ruwan randa, a sa jiƙaƙƙen tawul a wuya. A ƙasar Sakkwato, cikin bazara, wai mu guji zafi! Na tambaye ta ko ta san inda ake sayar da wani garin.

A Bodinga kuma ta fito da wani soso mai kauri, ta ce ya hau ya tsaya ya yi karatu da ƙarfi. Malam ya dube ni kamar an zage shi.

"Ƙwaƙwalwarka aiki biyu taka yi lokaci guda, Malam," ta ce. "Tana riƙon jiki, tana riƙon hadda. Sai mun saba mata."

Ya hau. Gajerun surori suka fito lafiya. Da ya shiga dogaye sai abin ya fara yankewa. Ya kama aya ya kai tsakiya, sai ƙafa ta yi rawa, hankalinsa ya tafi can, ya dawo ya tarar ayar ta gudu. Mutumin da ya haddace izu sittin kafin gemu ya fito masa, ga shi yana lalube kamar ɗan koyo. Na fita waje na tsaya kusa da babur don kada ya ga fuskata.

Ƙafar dai ta samu ƙarfi, ba zan ɓoye wannan ba. Ya daina taga-taga in ya tashi daga sujada. Takalmi ya rage zamewa. Wata rana ma ya bi layin alli har ƙarshe ya juyo, muka yi dariya kamar yara. Amma ciwon nan ba shi da alkawari. Yau ka ga mutum garau, gobe ka tarar da shi ko buta ba ya iya ɗagawa don gajiya, ba tare da ya yi aikin komai ba. Wata safiya yana kan layi ƙafar hagu ta ƙi tasowa, ya kife, leɓensa ya fashe. Kafin in ɗaga shi ya dunƙule hannu yana dukan cinyarsa.

"Ƙahwag ga ba tawa ba ta! Baba Ladan, ba tawa ba ta! Ina ce mata taho, tana jina, ta ƙiya!"

Na riƙe hannun. Ya kifa kai a gwiwata ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ranar da muka binne ubansa. Na ji tsoro a ranar, tsoro sosai, don na ga mutum yana ƙarewa a hannuna kuma ba ni da abin ba shi sai ruwan randa.

A masallaci kuwa ya koma gajerun surori, safe da yamma. Mutane suka lura. Masu jinsa ta lasifika daga gida suka fara tambaya ko lafiya, muryar Malam ta zama kamar ta mai sauri ya sauke kaya. Alhaji Sulaiman bai sake cewa komai ba, amma kullum yana sahun gaba, kuma na san ba carbinsa kaɗai yake lura da shi ba.

Zuwanmu na ƙarshe Bodinga kafin azumi, Malam ya tambayi Khairat kai tsaye ko zai iya asham. Ta daɗe tana gyara soson da ba ya buƙatar gyara.

"Malam, ina iya ƙara ma ƙarhi, kuma ka samu. Ba ni iya maido ma da jiya. Doguwar tsayuwa da dogon karatu cikin zahin ga, ban ce ba za ka taɓa iyawa ba, amma bana ban gani ba. Ka riƙe gajeru, don Allah. Kuma ko mi af faru, kak ka bar motsa jikin ga, shi ka riƙe ma tahiya."

Ya yi mata godiya kamar yadda ake yi wa mai gaisuwar mutuwa.

Washegari aka yi rana irin wadda ke narkar da kwalta. Har Magariba bangon masallaci yana huci, fanka ba wuta, lasifika kaɗai ke aiki da batir. Na ga yadda Malam ya shigo yana jan ƙafa, na raɗa masa ya bar wa Zaharaddeen yau kaɗai. Ko kallona bai yi ba. Ya maƙala ɗan makirfo a wuyan rigarsa, na tayar da iƙama. Zaharaddeen yana damana, Alhaji Sulaiman yana damansa.

Magariba ce fa. Kowa ya san gajeriyar sura ake yi a sallame. Amma da Malam ya gama ta farko, sai na ji ya ɗauko wata doguwa, cikin waɗanda ubansa yake so. So yake ya nuna wa dattawa, ko ya nuna wa kansa, ban sani ba. Allah ya yafe mini, a cikin salla nake amma zagi ne a bakina.

Da farko ya tafi daidai. Ina ganin ƙeyarsa a miƙe, na san idonsa yana kan ƙusa. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Sai gwiwar hagu ta fara kaɗawa, muryar ta rage gudu, ta tsaya a tsakiyar aya. Ya koma farkonta, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa. Zaharaddeen ya ɗora masa, murya ƙasa-ƙasa. Ya karɓa ya ci gaba. Bai yi nisa ba ya sake maƙalewa. Wannan karon har daga sahun baya aka ɗora masa, bakuna da yawa, har da waɗanda shi ya koya wa. Duk wannan yana fita ta lasifika, unguwa tana ji.

Daga nan sai muryar ta sauya. Ta buɗe, ta cika masallaci, ta dawo irin ta da, mai sa tsikar jiki tashi. Ba sai an gaya mini ba, na san ya rufe ido. Ayoyi suka riƙa zubowa ba gargada. Ni kuwa ina kallon jikinsa yana karkata hagu a hankali, yana tafiya, yana tafiya. Hannuwana suka saki kansu. A daidai lokacin da na ce ya tafi, ya buɗe ido ya jefa ƙafa gefe ya tare kansa. Karatun ya yanke kamar an ɗauke wuta.

Ina jin numfashinsa a lasifika. Babu wanda ya sake ɗora masa, kowa ya gane ba mantuwa ce kaɗai ba.

Sai ya miƙo hannu baya, ya lalubi hannun rigar Zaharaddeen, ya ja shi gaba. Haka shari'a ta ce liman ya yi in ya gaza, na sani, amma ban taɓa zaton zan gani da idona a wannan wuri ba. Zaharaddeen ya shiga gaba. Malam ya ja da baya da ƙyar, ya shiga gurbin da ya bari, tsakanina da Alhaji Sulaiman.

Jikinsa zafi kamar mai zazzaɓi, yana rawa. Na matsa na haɗa kafaɗata da tasa kamar yadda ake yi a sahu. Sai na ji an matso daga can ɓangaren ma. Alhaji ne. Ba mu riƙe shi ba, ba mu ɗauke shi ba, kafaɗa ce kawai ta taɓa kafaɗa. A hankali rawar ta kwanta.

Zaharaddeen ya ɗauka daga inda aka tsaya. Tsoro ya cika shi, ga surar da tsawo, bai yi nisa ba shi ma ya shiga wata aya mai kama da ita ya ɓace. Ya tsaya. Kafin kowa ya buɗe baki, sai gyaran ya fito daga gefena, tsaf, ba gargada, ya fita ta lasifika har bakin titi, don makirfon yana nan a wuyan Malam. Na saci kallo, na yarda na saci kallo a cikin salla. Idanunsa a rufe suke ruf, hawaye na bin gemunsa, kuma yana tsaye ƙyam.

A duk masallacin nan mutum ɗaya ne ba shi da kafaɗa a gefensa, shi ne liman. Shekara da shekaru ina tsaye a bayan wurin ban taɓa lura ba sai ranar.

Da aka sallame babu wanda ya tashi. Malam ya ciro makirfon, yatsunsa suna ta kuskure maƙalin. Zaharaddeen ya juyo ya durƙusa a gabansa yana girgiza kai.

"Allah shi gahwarta Malam, yau ɗai ta. Gobe kana komawa."

Malam ya kama wuyan rigar Zaharaddeen ya maƙala masa makirfon da kansa, ya gyara masa zaman wayar. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙusar nan, ya daɗe yana dubanta. Na ji kamar in tashi in tumɓuke ta in jefar. Duk safiyoyin nan, duk layin allin nan, duk faɗuwar nan, ga inda suka kawo mu, taki ɗaya baya.

Ya kafa ƙafar dama, ya dafa gwiwa, ya miƙe shi kaɗai kamar yadda Khairat ta koya masa. A bakin ƙofa, ina neman masa takalmi, ya ce:

"Baba Ladan, gobe da sahe kak ka makara, akwai layi. Kuma ka aje man wurin ga cikin sahu. Ka ce ma Alhaji shi riƙa matsowa ƙwarai."

Alhaji Sulaiman yana bayanmu, ya ji. Ya sa takalminsa ya wuce. Da asuba na zo buɗe masallaci na tarar ya riga ni. Yana zaune a sahun gaba, ya bar gurbin mutum ɗaya tsakanin wurinsa da nawa.